Dokin Mai Baki Ya Fi Gudu



Tambayar da na kawo cikin wannan ɗan littafi namu gajera ce, amma amsarta na da wuya. Mutum ya fito fili yana wasa da jikinsa, mu muna zaune gaban tele muna kallo. Mi muke bin shi, mi yake bin mu? Kallon da muke yi, da tafin da muke yi masa, sun ba mu ikon mu ce sai ya ci gaba ko da zai karye? In ya faɗi, ko ya ce yau ba zai iya ba, har ina bakinmu ke da izinin zuwa?

Lokacin da kowa ke zama alƙali

Duk shekara idan aka buɗe kokowar takobi, wajen kwana goma ƙasar nan ba ta da wata hira. Jahohi takwas, kowace da ƴan kokowa goma, mutum 80 ke nan, takobi kuwa guda. Nan Tawa aka fara ta a 1975, zamanin Seyni Kunce, Yakuba Kantu na Maraɗi ya ɗauka. Tun daga nan ake zagayawa da ita jaha jaha, har filayen suka ɗauki sunayen mazan jiya: na Maraɗi Kantu, na Doso Salma Ɗan Rani, na Damagaram Langa-Langa, namu na Tawa Hamidin Mai Dare.

Waɗanda ke samun shiga filin kaɗan ne. Sauranmu ta Tele Sahel muke gani, ko mu ji ta rediyo. A birni mai shago ya fiddo tele bakin ƙofa. A Bambeye da ƙauyukan kewaye a haɗa ta da batir ko faifan hasken rana, yara gaba bisa ƙasa, manya baya bisa benci. Ƴan uwanmu da ke cin rani Abijan ko Libiya suna bi ta waya, in an yi kaye su kira gida tun wanda ya faɗi bai kakkaɓe rairayi ba.

Wannan duk abin so ne, kuma ni ma ina cikin masu jiran lokacin. Abin da ke damuna shi ne hirar da ke biyo bayan kaye. Ku zauna kowace fada ana dafa shayi, za ku ji ta:

"Wanga yaro ba shi da zucciya, tun da ya ga mutumen jikinai yam mutu."

"Kai, bari! Saida ta yay yi. An ba shi kuɗɗi, na rantse."

"In da ni na, ƙafar hagu nika kamawa, shi ke nan."

Mai wannan magana ta ƙarshe, in ka dube shi, buhun hatsi ba ya iya ɗorawa bisa amalanke sai an kama masa. Magabata sun san irinsa, shi ya sa suka ce dokin mai baki ya fi gudu. In da abin ya tsaya ga dariya, da ban ɓata takarda ba. Amma maganganun nan uku ba ɗaya ba ne. Ta ƙarshe cika baki ce, ba ta cutar kowa. Ta farko hukunci ce bisa zuciyar mutum, wadda ba mu gani ba. Ta tsakiya ƙazafi ce, an rantse a kanta ba shaida.

Abin da tele ke nunawa, da abin da take ɓoyewa

A kokowar ƙauye ta bayan kaka, wadda ake yi a dandali, ɗan kallo ya san ɗan kokowa. Ya san gidansu, ya san gonarsu, ya san ko makon jiya masassara ta kwantar da shi. Uwar yaron na can gefe cikin mata. Gobe da safe za a haɗu bakin rijiya ko masallaci a gaisa. Saboda haka baki na da linzami. Ana yin ba'a, sosai ma, amma ba'a ce ta mutanen da za su ci gaba da zama tare.

Tele ta kawo mana abu mai kyau: yaron Bambeye na ganin ɗan kokowar Difa da ba zai taɓa haɗuwa da shi ba. Amma ta cire linzamin nan. Ta kuma yi mana wata dabara da ba mu cika lura da ita ba. Kamara na matso da fuskar mutum har ka ga zufa na gangara a goshinsa, sai ka ji kamar ka san shi. Alhali abin da ka sani game da shi bai wuce minti biyar ba, kuma minti biyar ɗin ma wani ne ya zaɓa maka su.

Ku lura da yadda ake yi. Kaye na faruwa cikin ƙiftawar ido, amma sai a maimaita shi sau uku, sau huɗu, a hankali a hankali. Idan aka rage wa hoto gudu, komai na zama da sauƙi. Kai da ke zaune kana ganin ƙofar da ta buɗe, kana mamakin yadda bai gan ta ba. Shi kuwa a lokacin akwai ƙato rungume da ƙugunsa, ganga na tashi, rairayi na zamewa ƙarƙashin sawunsa. Maimaicin nan ke sa malalaci ya ɗauka ya fi gwani sani. Daga nan wani ya yanko kayen kawai, ya saka masa kiɗan dariya, ya watsa a WhatsApp. Shekarun da mutum ya yi yana gina kansa sun koma ɗan bidiyo na daƙiƙa goma.

Abin da ba a nunawa ya fi yawa. Ba a nuna gudun asuba cikin sanyi. Ba a nuna gwiwar da ke kumbura da dare, ko kafaɗar da mai ɗori ya mayar. Ba a nuna motar da ke komawa da waɗanda aka kayar. Mutum guda za a naɗa wa rawani, a ba shi takobi da doki da kuɗi. Saura 79 gida za su koma, da yawansu ga gona ko ga sana'ar da suka baro. Kamara ba ta bin su, don ba mu son kallon wannan. Ba zan ɗora wa ma'aikatan tele laifin duka ba. Abin da ke tsayar da mu gaban allo suke ba mu.

Ƴan mata uku daga wata duniya

Don mu ga abin da kyau, bari mu ɗan bar filin kokowa mu leƙa wani wasa da zuciyarmu ba ta ciki, inda ba mu da jaha ba mu da gwani. Ina nufin jimnastik, wasan nan na alkafura da tsalle da lilo bisa ƙarfe, wanda muke ɗan taɓawa a darasin motsa jiki na kolej. A matakin duniya abin ya wuce wasan yara nesa. Akwai wani katako da suke hawa, faɗinsa santimita 10, tsayinsa daga ƙasa mita 1 da santimita 25, a kansa suke alkafura da baya. Mafi yawan mutanen duniya ba su tuna da wasan sai shekara huɗu huɗu, lokacin Olamfik, sannan kowa ya zama masani na mako biyu. Kuma da yawa cikin masu yin sa yara ne. Nadia Comaneci ta Rumaniya shekararta 14 lokacin da ta ci maki 10 cif a Montiriyal a 1976, har allon maki ya kasa rubutawa ya nuna 1.00. Sai a 1997 aka ɗaga shekarun shiga gasar manya zuwa 16.

Ta farko ita ce Elena Mukhina ta Tarayyar Sobiyet, zakarar duniya a 1978. Ta karye a ƙafa, aka matsa mata ta koma horo tun ba ta warke ba, don Olamfik na 1980 a Mosko za a yi, a gida, kuma ƙasa na son zinariya. Ana koya mata wata alkafura mai haɗari wadda ake saukowa da kai a mirgina. Saura kamar mako biyu a buɗe wasanni ta faɗi ta karya wuya. Shekararta 20. Daga nan ba ta ƙara tafiya ba, hannu da ƙafa duk suka mutu, har ta rasu a 2006 tana da shekara 46. Wasannin Mosko ba su tsaya ba. An nuna su a tele, mutane sun yi tafi. Daga baya aka hana mata yin wannan alkafura.

Ta biyu Kerri Strug ta Amurka, a Atlanta a 1996, tana da shekara 18. A tsallenta na farko ta faɗi ta ji ciwo a idon sawu. Aka ce ta sake, ana ganin zinariyar ƙungiya na hannunta. Ta sake, ta sauka, ta ɗaga ƙafar, ta durƙushe. Mai horar da ita, Bela Karolyi, ya ɗauke ta a hannu zuwa wurin karɓar lambar. Amurka ta ci zinariya, aka yi ta nuna hoton shekara da shekaru a matsayin misalin jarumta. Da aka gama lissafi sai aka ga ko ba ta yi tsallen na biyu ba, da sun ci. Ita kuwa ciwon ya hana ta shiga sauran gasannin da ta cancanta a wannan Olamfik ɗin.

Ta uku Simone Biles, ita ma ta Amurka, wadda ta ci zinariya huɗu a Riyo a 2016. A Tokiyo, a watan Yuli na 2021, ranar gasar ƙungiya, ta yi niyyar murɗawa sau biyu da rabi cikin iska, sai ta yi ɗaya da rabi, ta sauko da ƙyar. Ƴan wasan sun san wannan matsala: kai da jiki su daina jin juna, mutum na sama bai san ina ƙasa take ba. Biles ta ce ba za ta ci gaba ba. Ta sa rigarta ta tsaya gefe tana ƙarfafa ƴan uwanta, suka ci azurfa. Saboda cutar korona ba ƴan kallo a ɗakin, duk duniya ta allo take gani. Nan take baki ya buɗe. Wasu masu sharhi a Amurka da Ingila suka ce ta gudu, ta ci amanar ƙungiya, ta kunyata ƙasa. Wasu har suka kawo sunan Kerri Strug suna cewa ga yadda jaruma ke yi.

Abin da allo bai nuna ba: Biles na cikin ƴan matan da likitan ƙungiyar, Larry Nassar, ya ci zarafinsu. A watan Janairun 2018 aka yanke masa ɗaurin shekara 40 zuwa 175, bayan mata fiye da 150 sun yi magana gaban kotu. Duk shekarun da yake wannan aika-aika, tele na nuna yaran suna murmushi da lambobi a wuya, duniya na tafi. Biles ta koma ranar ƙarshe ta ci tagulla bisa katakon nan. Bayan shekara uku, a Paris a 2024, ta ci zinariya uku da azurfa ɗaya.

To, ƴan uwa, ku jera su ukun. Wadda ba a bari ta ce a'a ba ta ƙare rayuwarta kwance. Wadda ta ci gaba da ciwo an yi mata kirari. Wadda ta ce a'a an zage ta. Ko Biles ba ta ƙara cin komai ba bayan Tokiyo, hukuncinta na ranar nan daidai ne, don da abin da ta sani a ranar za a auna shi: ba ta gane ƙasa, kuma wuya guda gare ta. Da ƙyar na sha ya fi da ƙyar aka kama ni.

Amma ai ya ci ladan kuturu

Na san abin da wasunku za su ce, kuma maganarsu na da nauyi. Za su ce ɗan kokowar da aka zaɓa cikin goman jaha ba da sunansa kaɗai ya tafi ba. Ya ɗauki sunan Adar. An ciyar da shi, an kai shi, an fifita shi a kan wani yaro da shi ma yake so. Makaɗa sun wasa shi, shi kansa ya tsaya tsakiyar fili ya yi kirari ya ce ba mai iya masa. In ya ci, kyauta za ta yi ta zuwa daga ƴan kasuwa da manya. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ba zai karɓi tafinmu ranar daɗi ba, ranar wuya ya ce jikinsa nasa ne. Kuma in ba ƴan kallo, ina wasan? In an hana mu magana, mi ya rage na daɗin kallo?

Na yarda da rabin wannan. Ɗan wasa na da bashi a kansa, kuma ga shi: ya yi shiri da gaske, ya shiga da niyyar ci, kada ya sayar, kada ya yi maguɗi, ya girmama abokin karawa da alƙali. Wanda ya karɓi kuɗi ya kwanta da gangan ya saci wani abu daga duk wanda ya zauna kallo, don abin da muka zo gani shi ne gaskiyar ƙarfi da dabara. In an kama irin wannan da shaida, a hukunta shi, ba ni da ta cewa. Kuma muna da cikakken iko mu yi gardama a kan wasa: wane ya yi gaggawa, wane ya bar ƙafarsa a fili, alƙali bai ga hannu ya taɓa ƙasa ba. Wannan gardama ita ce gishirin kallo.

Inda na tsaya shi ne nan: bashin nan bai kai ga wuyansa ba. Aski aka ce ya yi, ba a ce ya ba da hannunsa ba. Dalili mai sauƙi ne. A kowace yarjejeniya ta adalci, wanda zai ɗauki asara shi ke da ikon cewa ta ishe shi. In ɗan kokowa ya shiga da kafaɗa a goce aka ƙarasa ta, ni da na yi ihu "shiga!" mi zan rasa? Zan ƙarasa shayina in tafi in kwanta. Shi ne damina za ta zo bai iya ɗaga hauya, matarsa da ɗiyansa ne za su ji a tukunya. Abin da na zuba a wasan nan yammaci guda ne da ɗan alfahari. Abin da ya zuba jikin da zai ci abinci da shi har tsufa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Akwai kuma abin da muke kira zuciya. A wurinmu namiji ba ya ja da baya, kuma ban raina wannan ba, don mutanen da ke noma tsakanin duwatsun Adar da ruwa kaɗan ba su rayu da lalaci ba. Amma mu tambayi kanmu: yaron da ya shiga fili da ciwo don tsoron abin da za a ce a fada, zuciya ce ta tura shi ko tsoronmu? In tsoron bakinmu ne, to abin da muke tafawa a matsayin jarumta wani tsoro ne da ya fi wani ƙarfi. Tsayawa gaban dubban mutane ka ce "yau ba ni iyawa", kana sane da abin da zai biyo baya, shi ma yana son zuciya, wataƙila fiye da shiga.

Sai maganar "saida ta yay yi". Ita ce ta fi zama ruwan dare kuma ita ta fi muni, don ba ta da magani. Wanda aka ce ya sayar, da mi zai wanke kansa? Muna faɗarta ne don ba mu son yarda cewa gwaninmu ya gamu da wanda ya fi shi a ranar. Kunyarmu muke saukewa a kansa. Tsofaffi in an kada nasu sukan ce yau ba ranarsa ba ce, ko su ce an fi shi shiri. Kuna iya yi wa maganar layu da guraye dariya ta ƴan lakwal, amma ku lura tana barin mutum da mutuncinsa ya koma gida.

Kuma wanda ya daɗe a sama ma bai tsira ba. Kadri Abdu na Doso, wanda aka fi sani da Isaka Isaka, ya ɗauki takobi sau shida. Duk mai irin wannan matsayi, a kowane wasa, akwai ranar da wani sashe na ƴan kallo ke daina jin daɗin gwanintarsa su koma jiran faɗuwarsa. Mun ɗaga mutum da bakinmu, mun gaji da ganinsa a sama, muna son mu ga yadda ƙasa za ta karɓe shi. Ya kamata wannan hali ya ba mu tsoro game da kanmu.

Su da ke ciki sun fi mu ladabi

Abin da ke ba ni mamaki kullum shi ne masu wasan sun fi masu kallo tausayin juna. Sau nawa muka ga wanda ya yi kaye ya miƙa hannu ya tada abokinsa, ya rungume shi, ya kakkaɓe masa baya? A daidai lokacin, gaban tele, magoya bayansu na zagin iyayen juna. A Paris, da Rebeca Andrade ta Barazil ta doke Biles a wasan ƙasa, Biles da ƴar uwarta Jordan Chiles sun rusuna mata bisa dandamalin lambobi. Sun san abin da aka biya kafin a kai nan. Mu da ba mu biya komai ba mu ne masu tsada a hukunci.

Ga ƴan uwana mata kuma akwai ƙari. In mace ce a allo, ko ƴar wasa ko mai gabatar da labarai, hirar ba ta tsayawa ga aikinta, sai ta gangara ga jikinta da tufafinta. A Tokiyo ƴan jimnastik na Jamus sun fito da kaya masu rufe ƙafa har idon sawu, don su nuna mace ke da ikon zaɓen abin da kamara za ta gani a jikinta. Tambayar dai guda ce da ta ɗan kokowa: jikin nan na wa ne?

Mu ma ana kallonmu

Kada ku ɗauka wannan magana ta taurari ce kawai. Kowane ɗalibi ya san ranar da ake kiran sakamakon BEPC ko Bak, jama'a cike da farfajiya, ana kiran sunaye ɗaya ɗaya. Wanda bai ji nasa ba, kafin ya kai gida labari ya riga shi. Waɗanda ba su taɓa ganin takardar jarrabawa ba su ne za su bayyana dalili: wasa ya yi, mata yake bi, dama kansa ba ya ja. Ba wanda ya ga ya yi shekara yana karatu da fitilar waya, ko ya shiga aji ba karin kumallo.

Kuma mu ƴan Adar mun san wani ɗan wasan da ya fi kowa shan bakinmu: ɗan cin rani. Ya tafi Abijan ko ya ƙetare hamada da sunan gida duka. In ya dawo da babur da kwanon rufi, gwani ne. In ya dawo hannu wofi, rago ne. Kowa cikinmu ya san wani da ya daɗe bai dawo ba, ba don ya manta da uwarsa ba, don yana jin nauyin ya shigo gari ba komai. Yana can yana haƙuri da aikin da ke cin lafiyarsa, saboda hirar da za a yi a fadarmu. Harshen da ke ce wa ɗan kokowa "ba shi da zucciya" shi ne ke riƙe da wannan yaro a can. A gaban tele muke koyon wannan harshe, inda ba ya kashe mana ko dala, sannan mu zo da shi gida.

Ban ce mu daina kallo ba, ban ce mu zauna shiru kamar gidan makoki ba. Mu yi ihu, mu goyi bayan Tawa har murya ta dishe, mu yi gardamar dabara har shayi na uku. Abu uku kawai nake roƙo. Kada mu rantse cewa mutum ya sayar alhali ba mu da shaida. Kada mu yanke hukunci bisa zuciyar wanda minti biyar kawai muka gani a rayuwarsa. In ɗan wasa ya ce jikinsa ya ƙi, mu yarda da shi, don shi ke ciki. In magana ta zo bakinka kana shakka, ga ma'auni: za ka iya faɗarta in uwarsa na zaune bisa bencin nan kusa da kai? In ba za ka iya ba, haɗiye ta.

Kuma in ƴan kokowarmu sun dawo bana ba takobi, a samu waɗanda za su je tarbarsu. Masu tarbar mai takobi ba su taɓa yin kaɗan ba.